Layi Na Biyu a Aljihun Rigarsa

Talata, ƙarfe huɗu na yamma

Larabar makon jiya ce, ina wanki a bayan ɗaki. Ina so in rubuta ta tun kafin ta cakuɗe da sauran kwanakin, don tun daga ranar ban sake zama daidai ba.

Wannan littafin na saye shi ne don in rubuta labarin soyayya nawa na kaina. Wata takwas yana ƙarƙashin katifa, shafi ɗaya kawai na cika, da tsayin jarumar da irin tafiyarta. Yanzu ga abin da zai ɗauka.

Ina laluben aljihun rigar aikinsa kamar kullum, don mijina mutum ne mai manta biro da takardar alewa a aljihu, sai hannuna ya taɓa 'yar farar robar nan ta gwaji. Tun da murar nan ta shiga kamfanin kwalayen da yake aiki, kowace safiya sai sun yi gwaji a bakin ƙofa. Ka zura tsinke mai auduga a hanci, ka juya shi cikin ruwan magani, ka ɗiga a kan robar, ka jira minti goma sha biyar. Layi ɗaya, ka shiga aiki. Layi biyu, ka koma gida kwana bakwai. Shi ne shugaban sashensu, shi ke riƙe da agogo da takarda, shi ke duba na kowa.

An rubuta lambarsa ta aiki a jikin robar, da ranar: Litinin. Layin sama ja ne sosai. A ƙarƙashinsa akwai wani, siriri, dishi-dishi, kamar silin gashi a kan madara. Na kai shi bakin taga, na karkata shi, na rufe ido ɗaya. Yana nan.

Da ya dawo na nuna masa. Ya yi dariya, ya ja min kunne. Ya ce, "'Yar littafi, yau kuma aikin ɗan sanda aka fara? Duk robar da ta kwana sai ta fitar da wannan inuwar. Bayan rabin awa ba a karanta ta, a rubuce yake a jikin kwalin." Na ce to me ya kawo ta aljihu? Ya ce kwandon sharar ne ya cika. Ya karɓa ya jefa a bola, ya wanke hannu, ya wuce ɗakin Kaka yana kira, "Ina amaryata?"

Jiya aka kwantar da Kaka a asibiti.

Laraba, ƙarfe goma na safe

Kaka ce ta raine mu, ni da Yaya. Ƙirjinta ba shi da ƙarfi tun kafin a haife ni, ko turare aka kunna kusa da ita sai numfashinta ya fara fito. Lokacin da za mu yi aure shi da bakinsa ya ce ba zai ɗauke ni ya bar ta ba. Na yi kuka ranar, na ce a raina duk jaruman littattafaina babu wanda ya taɓa faɗin magana mai daɗin wannan.

Ita tana ce masa angona, shi yana ce mata amaryata. Kullum da yamma shi ke ɗiga mata maganin ido, ni ta hana ni. "Ke hannunki rawa yake kamar na mai satar nama a tukunya. Kira min angona." Sai ya zauna bakin gadon, ya tallafi haɓarta, ya sunkuya har fuskarsa ta kusa taɓa tata, ya ce, "Kalli sama, kyakkyawa." Ita kuma ta ce, "Ja'iri, warin gam kake yi."

Da aka fara kwanciya a kamfaninsu abu ɗaya na roƙe shi. Na ce duk ranar da ka ji ko shakka ce, ka kwana a falo, kada ka shiga ɗakinta. Ya dafa ƙirji ya ce ko ban faɗa ba.

Litinin ya ɗiga mata. Talata ya ɗiga mata. Laraba, bayan ya jefar da robar, ya ɗiga mata. Alhamis jikinsa ya yi zafi, ya ce gajiya ce. Juma'a aka dawo da shi daga bakin ƙofa da layi biyu. Asabar Kaka ta fara tari.

Ban san me ya sa nake ta jera kwanakin nan ba.

Laraba, ƙarfe biyar na yamma

A asibitin ba sa barin kowa ya shiga wurin Kaka. Yaya ce ke zama a benci a waje, saitin taga, don ita ta yi tata murar tun watan jiya. Ni sun yi min gwajin gaggawa ranar da muka kai ta, layi ɗaya. Sun kuma ɗauki na biyu, wanda ake aikawa ɗakin bincike a jira kwana uku, suka ce in zauna a gida kafin ya fito.

Yana ɗaki yana tari. Ina falo. Na dafa masa ruwan zafi na ajiye a bakin ƙofa. Ya ce ta cikin ƙofar, "Gwajin nan ya ci amanarmu." Na ce uhm.

Alhamis, ƙarfe sha ɗaya na safe

Sakamakona ya fito. Ina da ita.

Likitar da ta kira ni na tambaye ta, na ce yaya haka, bayan ranar Litinin layi ɗaya aka gani? Ta ce gwajin gaggawa yakan yi haka, musamman a kwanakin farko, kafin cutar ta yi yawa a hanci. Ta ce mutum zai iya ɗauke da ita kwana biyu robar ba ta nuna ba. Na tambaye ta inuwar da ke fitowa idan roba ta kwana. Ta ce gaskiya ne, shi ya sa ba a karantawa bayan lokaci ya wuce.

Duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Kwana takwas ina kallon mijina da ido ɗaya.

Na tura ƙofar ɗakin na shiga, tunda yanzu babu abin da za a tsare. Na durƙusa gaban gadon na ce, "Ka yafe min. Na zarge ka a raina." Ya ɗora hannu a kaina ya ce, "Ya wuce. Karatun littattafan nan ne ya sa kike ganin mugu a kowane lungu." Muka yi dariya, muka yi tari tare.

Juma'a, ƙarfe uku na rana

Zazzaɓi. Bakina ba ya jin ɗanɗanon komai.

Asabar, ƙarfe huɗu na yamma

Shi ya ji sauƙi, ni na kwanta. Ya yi shara, ya wanke kwanoni, ya fasa kofi ɗaya. Ya ɗauko ɗaya daga cikin littattafaina, wanda matuƙin jirgin ruwa ke neman 'yar mai gidan hasumiya, yana karanta min da muryoyi. Muryar budurwar kamar ta akuya. Ya tsaya ya ce, "Wai shafi arba'in mutumin nan yana tsaye a ruwan sama? Ba shi da aikin yi ne?" Na yi dariya har haƙarƙarina ya yi ciwo.

Ina kwance ina kallonsa, hasken taga a gefen fuskarsa, na ce wannan shi zan sa a labarina. Babin da ciwo ya haɗa su.

Allah ya yafe min, na ji daɗin yau, Kaka tana can.

Lahadi, ƙarfe tara na safe

Sun ƙara wa Kaka iskar numfashi.

Litinin, ƙarfe biyu na rana

Yaya ta ce Kaka ba ta magana, amma da ta ɗaga mata hannu ta taga ta motsa yatsu biyu. Yaya ba ta iya kwaskwarimar labari ba, yadda ta gani haka take faɗi. Na ce ta gaya min wani abu mai daɗi. Ta ce, "An canja mata zanin gado."

Na shiga ɗakin Kaka na zauna. Carbinta a kan filo, rediyonta, kwalbar maganin ido a kan taga. Littafin da nake karanta mata yana kife inda muka tsaya. Kullum cewa take, "Waɗannan ƙarairayin naki," sannan in na rufe ta ce, "To ya aure ta ko bai aure ta ba?"

Shi bai shiga ɗakin ba tun da aka tafi da ita. Idan zai wuce sai ya kau da kai. Na ce tausayi ne.

Laraba, ƙarfe shida na yamma

Kaka ta buɗe ido. Ta nemi shayi.

Juma'a, ƙarfe biyar na yamma

Kwanakina na zaman gida sun cika, yau na je asibiti. Na gan ta ta gilashi. Ta koma kamar tsinke, roba a hancinta, amma da ta gan ni ta harare ni, ta nuna ɗankwalina da ya karkace. Na tsaya ina dariya ina kuka.

A bencin waje na haɗu da nas ɗin kamfaninsu, wadda suke ce wa Anti Nas. Ta zo duba ma'aikatansu biyu da ke kwance. Mace ce mai jiki, mai fara'a, ta gane ni daga hoton da ke wayarsa. Ta riƙe hannuna tana jajanta min. Ta ce mutum goma sha tara suka kwanta a sashensu kaɗai.

Sai ta ce, "Ni mijinki ma ya fi ba ni tausayi, don duk cikin shugabannin shi ne mai kula. Ki ga, tun Litinin ɗin farko ya same ni a ofis da roba a hannu, ko minti ashirin ba ta yi ba, ya ce, Anti, idan layin ya fito dishi-dishi haka fa? Na ce ƙanena, layi layi ne, ko da kyar ake ganinsa. Ya ce na wani ne a sashensu. Na ce maza ka tura shi gida. Ya rufe lambar da yatsa, don kada in san ko waye, kin ji mai rufin asiri."

Na ce wace Litinin?

Ta faɗa. Ita ce ranar da ke jikin robar.

Ta ci gaba da magana, a kan takunkumi, a kan motar ma'aikata da ba a buɗe tagoginta. Ina ta gyaɗa kai. Na yi mata godiya har sau biyu.

A mota na wuce inda zan sauka.

Asabar, ƙarfe takwas na safe

Ta yiwu na wani ne da gaske. Ta yiwu roba biyu ce.

Lambarsa ce a jiki. Da idona na gani.

Asabar, ƙarfe huɗu na yamma

Na yanke shawara ba zan tambaye shi ba. Zan bar shi ya faɗa da kansa. A littafi kullum haka ake yi, sai mutum ya kasa cin abinci, ya kasa haɗa ido, a ƙarshe ya zo ya ce akwai abin da ya kamata ki sani. Ni kuma in juya baya in kalli taga, ya yi ta magana, daga baya in yafe. Har na shirya abin da zan ce.

Ya ci abinci ya ƙara.

Lahadi, ƙarfe ɗaya na rana

Yana cin abinci na buɗe masa ƙofar magana. Na ce, "Na haɗu da Anti Nas shekaranjiya." Cokalin ya tsaya a hannunsa, kaɗan, wanda ba ya kallo ba zai gani ba. Ya ce, "Uwar surutu. Me ta ce?" Na ce ta ce kana da kula. Ya ce, "Allah sarki," ya miƙo kofi in ƙara masa ruwa.

Ƙanin babansa ya kira ya yi masa sannu. Ina jinsa daga kicin: "Wallahi Baffa, gwajin ne ba shi da tabbas. Ga iyalina ma, layi ɗaya ya nuna mata alhali tana da ita." Da ni yake kafa hujja.

Litinin, ƙarfe bakwai na safe

Ya koma aiki. Na goge masa riga. Na duba aljihun, ban san me nake nema ba.

Litinin, ƙarfe uku na rana

Na ɗauki littafin matuƙin jirgin in ƙarasa, na kasa. Muryarsa nake ji a kowane layi.

Abin da ke dawo min ba robar ba ce. Hannunsa ne a kaina. Ina durƙushe ina ba shi haƙuri, ya ce ya wuce.

Talata, ƙarfe shida da rabi na yamma

Zan rubuta yadda aka yi.

Yaya ta samu an miƙa wa Kaka waya. Muryarta kamar ana murza takarda. Ta ce, "Ina angona?" Ya karɓi wayar yana murmushi. Ta ce, "'Yan matan nan ba su iya ɗiga magani ba, rabi a ido rabi a kunne." Ya ce, "Ki dawo kawai, amaryata, ni da kaina zan ɗiga miki." Ta ce, "An ce kai ma ka kwanta. Kada ka sa wa ranka damuwa, ka ji? Ai ba ka sani ba." Ya ce, "Wallahi kuwa, Kaka."

Na jira ya ajiye wayar. Ban juya baya ba, ban kalli taga ba, duk abin da na shirya ya gudu. Na ce, "Robar da ka kai wa Anti Nas ranar Litinin, ta waye?"

Ya ce, "Au, mun dawo nan kuma?"

Na ce ta waye.

Ya tashi ya zuba ruwa bai sha ba. Ya ce, "Layin bai fito sosai ba. Da kyar ake ganinsa. Ba na tari, ba na zazzaɓi. Na ce bari in ga gobe."

Na ce goben me ta nuna?

Ya ajiye kofin.

Na ce Talata me ta nuna?

Ya ce, "Ban yi ba. Takardar a hannuna take, na sa alama kawai."

Laraba fa? Ya kalli ƙasa.

Daga nan sai magana ta ɓalle masa. Wai mutum tara sun riga sun kwanta, manyan motoci uku suna jiran kaya, wata huɗu kacal da ba shi shugabancin, manaja ya ce duk sashen da ya tsaya za a san wanda bai iya riƙo ba. Ya ce, "Ke kina gida da littattafanki, ba ki san yadda ake fama a waje ba. Me kike so in yi?"

Na ce, "Ni ban ce kada ka je aiki ba. Wannan tsakaninka da mutum goma sha tara ne. Cewa na yi ka kwana a falo. Falo, ga shi nan, taku biyar. Me ya shigar da kai ɗakinta?"

Ya ɗago kai. Sannan ya ce, a hankali, kamar yana bayyana min abin da kowa ya sani:

"Da na ƙi shiga, ai da kin gane."

Na zauna a hannun kujera. Ya matso zai taɓa ni, na ce kada. Ya ce ai ta samu sauƙi, alhamdulillahi, komai ya wuce. Ya ce kada in gaya wa Yaya, don Yaya ba ta da sirri. Ya ce in yi tunanin yadda Kaka za ta ji.

Yana wanka yanzu. Ina jin ƙarar ruwan.

Laraba, ƙarfe goma na safe

Bai ce ki yafe min ba. Na bi maganganun jiya ɗaya bayan ɗaya, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Babu.

Ya bar min burodi da ƙwai a rufe a kan tebur, da 'yar takarda: "Ki ci, 'yar littafi."

Laraba, ƙarfe biyar na yamma

Na gaya wa Yaya, a bencin asibiti. Na zata za ta tashi tsaye ta yi ta masifa kamar yadda ta saba. Sai ta sunkuyar da kai tana kallon takalmanta. Can ta ce, "Ranar Lahadin nan da suka ƙara mata iska, likita ya kira ni gefe ya ce in sanar da 'yan uwa. Ban gaya miki ba, kina kwance."

Lahadi. Washegarin ranar da yake yi min muryar akuya.

Ta ce, "Ba zan ce miki ki yi kaza ba, aurenki ne. Mutum ne mai kirki a abubuwa da yawa, ni shaida ce. Amma ki sani, likita ya ce huhunta ba zai ɗauki irin wannan sau biyu ba."

Za a sallami Kaka ranar Asabar, da injin iskar numfashi.

Alhamis, ƙarfe huɗu na yamma

Ya dawo da wuri da sabon labule da fanka. Ya shiga ɗakin Kaka, karon farko, ya share yanar gizo, ya juya katifa, ya matsar da gadon kusa da soket saboda injin iskar. Yana aiki yana fito. Ya leƙo ya ce, "Zo ki gani, amaryata za ta ce otal aka kawo ta."

Na je na gani. Ya yi kyau. Da gaske yake son ta, abin da ya fi ci min rai ke nan. Yana son ta, kuma ya tallafi haɓarta kwana uku yana sane.

Na tsaya a bakin ƙofar ina tunanin wata shekarar, wata murar, wani manajan. Zai dawo da yamma ya ce lafiya lau, ni kuma in kalli fuskarsa. Fuskar nan ce dai, wadda na kalla ranar Laraba, wadda na durƙusa a gabanta ranar Alhamis. Ban ga komai a cikinta ba a lokacin, kuma ba zan gani ba nan gaba.

Ya ce, "Ya kika yi shiru? Labulen bai yi ba?" Na ce ya yi.

Juma'a, ƙarfe tara na safe

Na kira Yaya. Za mu ce wa Kaka gidan Yaya ya fi kusa da asibiti, kuma gaskiya ne. Sauran ba za ta ji daga bakina ba.

Na haɗa kayanta a jaka biyu, nawa a ɗaya. In ya dawo da yamma zan gaya masa a tsaye.

Kaka ba za ta dawo gidan nan ba. Gobe gidan Yaya za a kai ta, ni ma can zan zauna.